A Ba 'Yan TP Kwali da Kala Su Yi wa Yara Tatsuniya

Duk shekara idan lokacin koyarwar gwaji ya zo, wadda ɗalibai ke ce wa TP, sai ka ga firamarorin birnin Kano sun cika da baƙin fuska. Samari da 'yanmata ne daga makarantun horar da malamai, kowa da fayil a hammata, an watsa su Dala da Gwale da Fagge da Tarauni da sauran ƙananan hukumomin cikin birni. Hedimasta na murna ya samu ƙarin hannu, malamin aji na murna ya samu sararin leƙa wata sabgar. Shi kuwa ɗalibin da aka jefa ajin ƙanana, aikin da zai yi har ya gama kowa ya san shi. Zai juya wa yara baya ya cika allo da rubutun da ba mai iya karantawa a cikinsu, ya juyo ya ce su maimaita, su yi ta rera masa har a buga ƙararrawar tashi. Ranar da malami mai duba aiki ya zo daga kwaleji, ya karɓi takardar tsarin darasi, ya ga an ja layi da jan biro inda ya dace, ya sa maki ya wuce makaranta ta gaba.

Ni a ganina ana asarar waɗannan watanni, kuma akwai abu ɗaya mai araha da zai rage asarar. Duk ɗalibin da aka tura ajin raino ko aji ɗaya zuwa uku, a ɗora masa ya tsara labari da hotunan da ya haɗa da hannunsa, ya tsaya gaban yara ya ba da shi da Hausa, ko da sau ɗaya ne a mako, sannan a ba shi maki a kai kamar yadda ake ba shi a kan komai. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka, ba ya buƙatar tallafin wata ƙasa.

Dabarar ba tamu ba ce a asali. Japan aka fi sani da ita, a can suna kiranta kamishibai. Wajajen 1930, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, magidantan da suka rasa aiki a Tokyo suka riƙa ɗaura akwatin katako a bayan keke suna shiga unguwanni. Mutum ya tsaya ya buga wasu 'yan katakai biyu, yara su fito, ya sayar musu da alewa, wanda ya saya a ba shi sahun gaba. Sannan ya buɗe akwatin, hoton farko ya bayyana, ya shiga ba da labari yana zare hotunan ɗaya bayan ɗaya. Daidai inda labarin ya ɗau zafi sai ya rufe akwati ya ce sai gobe, don gobe ma a sayi alewa. Da talabijin ta zo ƙasar a 1953 sana'ar titin ta dinga ja baya har ta kusa ɓacewa, amma makarantun raino da ɗakunan karatu suka riƙe abin, kuma har yau ana yi, ɗalibai masu koyon renon yara na cikin masu yinsa.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne inda ake rubuta maganar. Katunan yawanci takwas ne, ko sha biyu, ko sha shida, a jere ɗaya bayan ɗaya. Maganar hoton da yara ke kallo ba a bayansa take ba, tana bayan katin da ke can ƙarshen jerin, wato wanda ke fuskantar mai ba da labari. Idan ya zare wanda yara ke kallo ya mayar da shi baya, sai maganar hoto na biyu ta faɗo a gabansa. Ke nan ba ya juya baya, ba ya sunkuyar da kai cikin littafi, ba ya ɗaga shafi yana kewaya aji don kowa ya gani. Hoto na kallon yara, shi ma yana kallon yara. Duk ra'ayin nan nawa a kan wannan tsayuwar ya ginu.

Na ga an yi a nan Kano, ba da akwatin katako ba. 'Yar yayata ce, tana ajin ƙarshe na NCE, wato karatun neman shaidar malanta, aka tura ta wata firamare a cikin gari aka ba ta ajin raino. Ta samo kwalayen taliya a wurin mai shagon layinsu, ta yanke su daidai wa daida, ta manna musu farar takarda da gam, ta zana tatsuniyar Gizo da hankaki, wadda Gizo ya roƙi aron gashin fiffike don ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa. Zanen ba wani na a zo a gani ba ne, hankakin ma da ba don farin ƙirji ba da sai ka ce kaji ne. Ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku,” rabin ajin ba su san amsa ba, sai da ta koya musu “Ta zo mu ji ta.” Aka tafi. Da aka zo inda Gizo ya hau bishiya yana cewa kowane ɓaure nasa ne shi ya fara gani, hankaki suka fusata kowa na zare gashinsa, sai ta ja katin rabi ta tsaya. Ana ganin reshe, ana ganin ƙafar Gizo, ba a ganin abin da ke ƙasa. Wani yaro ya miƙe tsaye ya ce, “Anti, zai faɗa ruwa!” Wata yarinya daga gefe ta ce, “Ai shi ya ja wa kansa, marowaci.” Anti ta ce to gashi nawa ya rage a jikinsa, suka shiga ƙirga da yatsa a kan hoton. Sai da suka gama gardama ta ƙarasa zare katin, ga kada ya buɗe baki a cikin ruwa, ajin ya ɗauki ihu.

Abin da ta gaya mini bayan an tashi ya fi wasan kansa tsaya mini a rai. Ta ce, “Kawu, wannan fa zane na biyu ne. Na farkon na yi shi da fensiri, da 'yan ƙananan ganye da tsuntsaye a sama, na ɓata dare a kai. Da na ɗaga, na baya ba su ga komai ba, suka fara dambe.” Ta koma ta sayi baƙar maka mai kauri, ta zubar da duk wani ado, ta bar abu ɗaya babba a kowane kati. Ta kuma gano cewa jimlar da ta wuce numfashi ɗaya ba ta shiga kunnen ɗan shekara biyar, cewa idan ta rage murya sun fi yin shiru fiye da idan ta daka tsawa, cewa yaron da ke ƙiriniya idan aka ba shi riƙon katin da aka gama da shi sai ya natsu. Duk wannan an karanta musu shi a lacca da dogon Turanci, sun rubuta a jarrabawa sun ci. Amma koyon koyarwa a kan takarda kamar koyon tuƙin tuwo ne ga wadda ba ta taɓa riƙe muciya ba.

Shi ya sa nake cewa ɗalibin ne zai fara cin ribar abin, kafin yaran. Mai rubutu a allo yana iya gama TP ɗinsa bai san ko an gane shi ba, tunda amshin da yara ke yi ba ya nuna komai, ko da yaren China ka rera musu za su amsa. Mai ba da labari kuwa ba shi da mafaka. Idan ya gundure su, cikin minti biyu zai gani, wannan na jan kunnen wancan, waccan ta fara kuka tana neman fitsari. Idan ya kama su, shi ma zai gani. Malamin da ya taɓa ɗanɗana yadda aji ke yin tsit don ana son jin abin da zai faɗa, ba don bulala ba, da wuya ya yarda ya koma malamin ihu.

Su yaran fa, me za su samu ban da dariya? Yaro ba ya karanta kalmar da ba ta cikin kansa. Yana iya haɗa baƙi da wasali ya furta, amma idan bai taɓa jin kalmar a cikin zance ba, furucin banza ya yi. Labari ne ke zuba masa kalmomi, ya koya masa cewa abu na da farko da tsakiya da ƙarshe, cewa wannan ya faru ne saboda wancan, ya sa shi hasashen abin da zai biyo baya. Yaron nan da ya ce Gizo zai faɗa ruwa, aikin da mai karatu ke yi a zuci ya yi da baki. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kusa tara cikin goma. Wanda ke shakka ya shiga kowace firamaren gwamnati a Kurna ko Ɗorayi ya miƙa wa 'yan aji huɗu jarida.

Na ce da Hausa, kuma ina nufin da Hausa. Tun manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen gidansu ko na yankinsu a shekarun farko. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai abin har shekara shida na firamare, sannan a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya fito ya ce an soke, a koma Turanci tun daga tushe. Abuja ta yi ta kai gwauro tana kai mari, amma a ajin raino na Yakasai gaskiyar ba ta canja ba: yaran da Hausa suke tunani, malamar ma da ita take tunani. Ba ina faɗa da Turanci ba ne, 'ya'yanmu na buƙatarsa kuma a koya musu shi da kyau. Sai dai rabin awa a mako da yaro zai ji cikakken zance mai daɗi da harshen da ya iya, ya mayar da martani, ya yi musu, ba zai rage masa Turancin da ake tsoro ba. Hausa ma ai darasi ce a jadawali. Makarantun kuɗi da ke cin tarar yaro don ya yi Hausa a harabarsu su ne za su fi yin turjiya, kuma iyaye ne suka ɗaure musu gindi, don mun fi son mu ji yaro na cewa “A for apple” ko da bai san me yake faɗa ba.

Wani zai ce ai tatsuniya aikin gida ce, aikin kaka. Da can haka ne, amma gidan da ake magana ya sauya. Ma'auratan yanzu suna haya a Sheka ko Rijiyar Zaki ko Hotoro, ɗaki biyu da falo, kakar tana cikin gari ko tana ƙauye sai da salla. Bayan magariba yara na islamiyyar dare, idan sun dawo ga aikin gida na boko, uwa ta gaji, a miƙa wa ƙaramin waya ya yi shiru. Ban ga laifin kowa a nan ba, rayuwa ce ta zo da haka. Kuma masu kukan rashin kaka sun manta wani abu. A tsakar gidan da muka tashi, ba kullum tsohuwa ke yin tatsuniya ba. Sau da yawa yayyenmu mata ne, 'yan shekara sha biyu sha uku, su tara ƙanne a tabarma su yi, wanda ya iya shi ma ya karɓa. Babba ya yi wa ƙarami, ƙaramin ya girma ya yi wa na bayansa. Haka tashe yake tafiya in azumi ya kai goma, ba wanda ya buɗe makarantar koyon tashe, yara ke koya wurin na gaba da su. Don haka ɗaliba 'yar shekara ashirin ta tsaya gaban 'yan shekara biyar tana ba su labari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Hoton ne kawai ƙari, shi da rana tsaka. Mai tsoron camfin nan na cewa mai tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa, sai ya ɗaure Gizo kafin a fara, ai dama manya sun ƙirƙiro camfin ne don kada mu bar aike mu zauna hira.

Maganar da ta fi nauyi a Kano ita ce ta hoton kansa, kuma ba ta wasa ba ce. Akwai iyaye da malamai da ba su yarda da zana abu mai rai ba, suna da hujjojinsu na hadisi, kuma ba zan raina su ba. Amma malamai da yawa sun yi sassauci a kan abin wasan yara da abin koyarwa, suna kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, har da dokinta mai fiffike da ya zo a ruwayar Abu Dawuda, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya. Littattafan firamaren da ke jakar 'ya'yanmu cike suke da hotuna, na islamiyya ma akwai masu nuna yadda ake alwala da zane. Iyakar da kowa ya sani ita ce ba a zana Annabawa da sahabbai, wannan ba sai an faɗa wa ɗan Kano ba. Makarantar da duk da haka ta ce ba ta son fuska, ba sai an yi rigima ba. Ana iya ba da labari da rijiya da guga, da sawun ƙafa a kan yashi, da ƙofar gari a rufe, da tukunya a kan murhu. Wani lokaci ma sawun kura ya fi kurar tsoratarwa.

Sai masu cewa Gizo maƙaryaci ne, me ya sa za a koya wa yara wayo da cuta. Yarinyar nan da ta ce shi ya ja wa kansa ta riga ta ba su amsa. Yara ba sa kwaikwayon Gizo, hukunci suke yi masa, kuma sun fi jin daɗin hukuncin idan su suka yanke ba Anti ba. Inda na yarda da masu sukar shi ne ba kowace tatsuniya ce za a ɗauko yadda take ba. Waɗanda Frank Edgar ya tattara aka fara bugawa a 1911 ba don yara aka rubuta su ba, akwai batsa a ciki, akwai yankan kai. Akwai tatsuniyoyinmu masu yi wa makaho da kuturu dariya, akwai waɗanda kullum kishiyar uwa ce muguwa, alhali a cikin ajin akwai yaron da kishiyar uwar ce ta yi masa wanka ta kawo shi makaranta. Zaɓe da gyara na cikin aikin, kuma shi ma horo ne ga mai shirin zama malami. Ba daga sama za su fara ba, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara tatsuniyoyi don 'yan makaranta tun farkon shekarun 1970, kuma sassan Hausa na manyan makarantunmu cike suke da kundayen da ɗalibai suka tattaro daga bakin tsofaffi, suna can ƙura na ci.

Ba kuma dole sai Gizo da Ƙoƙi ba. Yaron Jakara na ratsa Kasuwar Kurmi kullum bai san tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ba, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ɗan Ƙofar Mata na wuce karofi bai taɓa jin yadda baba da toka ke mayar da farin ƙyalle shuɗi ba. Ga Dala da Barbushe, ga ganuwar da aka fara ginawa zamanin Gijimasu, ga ranar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Kano mutane suka taru kallo, ga dalar gyaɗa. Kowanne kati goma sha biyu ne mai kyau. Abin da nake tsoro kawai shi ne a mayar da shi wa'azin tsafta. Da zarar jami'ai sun ji labarin, za su ce a yi na wanke hannu, na rigakafi, na tsallaka titi, kowane kati da umarni a ƙasansa. A yi su jefi-jefi ba laifi, amma labarin da yaro ya hango ƙarshensa tun katin farko ba ya zama ya ji.

Cunkoso fa? Ajin da yara sun haura ɗari a zaune a ƙasa, wa zai ga kwali? Wannan matsala ce ta gaske, amma ta fi cin littafi fiye da kati. Littafin labari guda ɗaya a irin wannan aji ba shi da amfani, sai dai malama ta karanta ta ɗaga shafi, 'yan sahun gaba su gani. Kati mai girman gefen kwali da zane mai kauri ana hango shi daga bango. Kuma 'yan TP ba ɗaiɗai ake turo su ba, rukuni ne. A raba ajin biyu, ɗaya ta fita da rabi gindin darbejiya, ɗaya ta zauna da rabi, in an gama a yi musanya. Ba ruwan abin da wutar lantarki, ba caji, ba data. Masu cewa katun ɗin waya ya fi kyau, gaskiya ne ya fi kyau, sai dai ba ya tsayawa don yaro ya ce zai faɗa ruwa.

Akwai ƙorafin da ɗaliban kansu za su yi, kuma da gaskiyarsu. Ɗan TP da kuɗinsa yake hawa adaidaita sahu safe da rana, ba wanda ke ba shi ko sisi, yanzu kuma a ƙara masa sayen kala da gam. To amma ko yanzu ana sa su yin kayan koyarwa. Kowa ya sayi kwali mai launi, ya biya wani mai zane ya yi masa jadawalin sassan jiki ko na 'ya'yan itatuwa, a liƙa a bango ranar da mai duba aiki zai zo, washegari iska ta ɗauke. Kuɗin nan da ake zubarwa shi nake cewa a juya. Kwalin da 'yan Kasuwar Singa ke tarawa a bayan shaguna ya ishi kowa, maka da gam kuma kwaleji ta saya daga kuɗin TP da take karɓa a hannun ɗalibai. Na san kuma abin da zai biyo baya, don Kano ce: kafin zango ya ƙare masu shagunan kwamfuta na bakin makaranta za su fara sayar da labari bugagge, sai dai ka rubuta sunanka. Maganin wannan shi ne kada makin ya rataya a kan kyan zane. Mai duba aiki ya zauna a bayan aji minti goma sha biyar ya kalli yaran. Idan suna tare da mai labarin ya ci, ko da hankakinsa kaji ne.

Babban abin da zai kashe wannan shawara shi ne a karɓe ta hannu bibbiyu a yi mata biki. A kafa rumfa, a jera kujerun roba, a kwaso yara masu sabon yunifom su zauna a rana tun ƙarfe tara suna jiran babban baƙo, ɗaliba ɗaya ta yi labarin minti biyar a gaban kyamara, a raba lemo, a watsa a Facebook, shi ke nan sai baɗi. Daga nan a kira taron bita a otal, a ba da kwangilar buga katuna dubu-dubu masu sheƙi da hoton mai girma a kusurwa. Japan ɗin ma ta ga irin wannan, don lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnatinsu ta karɓe kamishibai ta mayar da shi abin farfaganda. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, ta ware wa fannin kusan kashi 30 cikin ɗari na kasafinta, ana gyaran azuzuwa ana raba kujeru, kuma duk ana buƙatarsu. Amma abin da ke faruwa tsakanin malama da yara bayan an rufe ƙofar ajin ba a bayar da shi kwangila. Gwamnati in tana son taimakawa, hukumar ilimin firamare ta jiha, SUBEB, ta rubuta wa hedimastoci takarda cewa an yarda a ware rabin awa a mako don labari, don kada wani ya ce ba ya cikin manhaja. Ya wadatar.

Sauran aikin na masu horar da malamai ne: makarantar Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, ta tarayya da ke Kabuga, Kwalejin Aminu Kano da aka fi sani da Legal, da tsangayar ilimi ta Jami'ar Bayero. Kwamitin TP na kowacce zai iya zama ya ƙara layi ɗaya a takardar da masu duba aiki ke cikewa. Kafin a fita, sashen Hausa da na renon yara da masu koyar da zane su haɗu su ba ɗalibai mako guda na gwaji, kowa ya yi labarinsa a gaban 'yan ajinsu su yi masa dariya tun a gida. Waɗanda abin ya shiga ransu ba za su tsaya a TP ba. Ga ɗakin karatu na Murtala Muhammad a titin Ahmadu Bello, ga Gidan Makama, ga Gidan Ɗan Hausa inda aka fara makarantar boko a Kano a 1909, duk wurare ne da za a iya tara yaran unguwa ranar Asabar da safe. 'Yan sakandare ma, irin su Rumfa da Shekara da 'yanmatan Dala, suna da ƙungiyoyin Hausa da na wasan kwaikwayo da ba su da aiki sai ranar bikin yaye ɗalibai, ga firamare a maƙwabtansu.

Sharaɗi na ƙarshe, katunan su zauna a makarantar da aka yi su. Ɗalibi ya rubuta sunansa da shekara a bayan katin farko ya bar su. Idan makaranta ta karɓi 'yan TP goma, kowa ya bar labari biyu, ta samu ashirin a shekara guda, shekara uku sittin, a makarantar da wataƙila ba ta da littafin labari ko ɗaya. Sai a nemi akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, a ɗora shi a kan benci saboda gara da ruwan damina. Mukullin kuma a ba malamar ajin raino. In aka kai shi ofishin hedimasta, za a adana shi da kyau har ya yi ritaya ba a buɗe ba.